Auta a Bakin Nilu: Yadda Ɗalibai Hausawa a Khartum Suka Shirya Peter Pan

A lokacin sanyin ƙarshe kafin yaƙi ya ɓarke a Sudan, wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai Hausawa a ɗaya daga cikin jami'o'in Khartum ta ɗauko aikin da ya fi ƙarfin aljihunta. Ta ce za ta shirya Peter Pan da Hausa, ta kai wa yaran wata unguwar Hausawa da ke kudancin birnin. Ni na riƙe musu takardar wasan, ina tuna wa ɗan wasa magana idan ta kwance masa, saboda haka kusan duk muhawarar da aka yi a gabana aka yi ta. Ƙungiyar ta shiga aikin tana fargabar rashin kaya da rashin kuɗi. Waɗannan sun zo, an kuma shawo kansu cikin sauƙi. Abin da ya ci lokaci, ya raba kawuna, har ya sauya fasalin wasan, shi ne sanin yaran da za su zauna a kan tabarma su kalla.

'Yan ƙungiyar kashi biyu ne, kuma sai an riƙe wannan kafin a gane sauran bayanin. Mafi yawansu baƙi ne daga Nijeriya da Nijar, masu karatun likitanci da harhaɗa magunguna da shari'a da Larabci, kowa na ƙirga shekarun da suka rage masa ya koma gida. 'Yan kaɗan kuma haifaffun Sudan ne, jikoki da tattaɓa-kunnen mutanen da suka tako da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare ko hanya ta tsare su, suka zauna suna noma da kamun kifi. Wasu tushensu Mai Wurno ne, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa da jama'ar da suka yi gabas bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, a Burmi a 1903. Wasu kakanninsu sun ciri auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Waɗannan ba su da wani gidan da za su koma. Sudan ce gidansu, maƙwabta sun yarda ko ba su yarda ba.

Mai ba da umarnin wasan ɗalibin shekarar ƙarshe ne daga Zariya, ya karanta labarin tun yana firamare. Ya gaji da gajerun wasannin barkwanci da ƙungiyar ta saba yi a ranar al'adu, inda ɗalibai ke yi wa ɗalibai dariya a watse. Ya so a yi wani abu don yara. Marubucin labarin, J. M. Barrie, ɗan Sikotlan ne, kuma tun asali wasan dandali ya rubuta: an fara nuna shi a Landan ranar 27 ga Disamba 1904, littafin labarin bai fito ba sai 1911. Yaro ne da ya ƙi girma, yake shigowa ta tagar ɗakin wasu yara uku da dare, ya koya musu tashi sama, ya tafi da su wani tsibiri inda yaran da suka ɓace wa iyayensu ke zaune. A can akwai 'yan fashin teku, shugabansu na da ƙugiya a madadin hannu ɗaya, ga kuma kada da ya haɗiye agogo yana bin sa.

Wasu gyare-gyaren a zama ɗaya aka gama su. Barrie ya ba asibitin yara na Great Ormond Street haƙƙin wasan a 1929, kuma wata dokar Birtaniya ta 1988 ta tabbatar wa asibitin kasonsa daga duk nunin da aka yi a cikin ƙasar. Ɗalibin shari'a ya duba ya ce wannan doka ba ta ƙetaro Birtaniya ba, balle wasan da ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Peter ya koma Auta, sunan da kowace tatsuniya ta riga ta share wa hanya. Yarinyar da ke cikin yaran nan uku ta koma Hanne. Karen da ke renon yaran a labarin ya zama akuya, domin babu uwar da za ta yarda kare na gyara wa ɗanta shimfiɗa. Wurin da yarinya ke tayin sumba an cire shi, amma aka bar kyautar da yaron ke ba ta ta rataya a wuya, tunda ita ce ke tare kibiya daga baya. Ƙodagon goriba aka ba ta. Ɗakin bene mai taga kuwa babu shi a unguwar, yara a tsakar gida suke kwana bisa angarib, gadon nan na igiya. Sai taga ta zama ƙyauren gida mai sakata.

Tashi sama shi ne abin da kowa ya zaci zai gagara. A Landan igiyoyi da ɗamarar fata aka ƙera musamman, ana jan 'yan wasa daga bayan labule. Wani ɗan ƙungiya ya je kasuwar Sajjana ya tambayo kuɗin igiya da kura, aka lissafa aka ga ko an saya babu rufin da zai ɗauki nauyin mutum. Mafita daga cikin labarin ta fito: Auta ya zo ne neman inuwarsa da ta tsinke, Hanne ta ɗinka masa ita. Aka ce to a yi tashin da inuwa. Aka ɗinke fararen zannuwan gado aka miƙe, aka yanka siffofin yara da na rufin gidaje da hasumiyar masallaci a jikin kwali, aka sa fitila a baya da batirin raksha, wato keke mai ƙafa uku, don kada a dogara da wutar da ba ta da alƙawari. 'Yan wasa su ruga bayan zane, siffofinsu na kwali su tashi bisa gari, su bi kogi. Tsibirin ma bai buƙaci dogon bayani ba, duk yaron Khartum ya san Tuti a mahaɗar Nilu biyu, ya kuma ji labarin kada.

Waye zai fito a Auta? A nan aka fara jin ɗumi. A wasan farko na 1904 mace ce, Nina Boucicault, ta fito a matsayin Peter, kuma al'adar ta daɗe a Ingila. Mai umarni ya ga wannan ya warware masa wata damuwa: Auta da Hanne suna riƙe hannu, ɗaya na jan ɗaya, har da ɗinkin inuwa a ƙafa, idan dukansu mata ne babu mai cewa an cakuɗa. Wasu suka ce an gudu daga wani laifi an faɗa wani, mace ta yi shigar maza. Aka tsaya a tsakiya: doguwar riga mai faɗi, wando har idon sawu, kai a naɗe da rawani ƙarami. Wadda aka zaɓa haifaffiyar Gadarif ce, mai karatun jinya. Mutum biyu ba su gamsu ba, suka janye daga aikin, kuma ba su dawo ba har aka gama.

Zaɓenta ya zama alheri ta wata fuskar da ba a lissafa ba. Ita ce ta fara cewa Hausar da aka rubuta wasan da ita ta gidan rediyo ce, yaran unguwa za su ji ta kamar wa'azi. Hausarsu a cakuɗe take da Larabcin Sudan, kuma karatunsu na makaranta duk da Larabci ne. Takardun sanarwa da aka buga da boko babu yaron da zai iya karantawa. Aka sake su da Larabci da ajami, sannan aka bar kowane ɗan wasa haifaffen ƙasar ya juya maganarsa yadda za a faɗe ta a gidansu. Zauren jami'a bai samu ba, an ce ba a shigo da yaran waje. Sai aka je gaishe da sarkin Hausawan unguwar, ya ba da filin da ke gaban gidansa, da sharaɗin a fara bayan Isha'i, mata gefe maza gefe, kuma malamin halwa, wato makarantar allo, ya ji labarin tukuna.

Kafin a kai ga malam, an yi wata taƙaddama a cikin gida. A labarin Barrie akwai wata ƙabilar jajayen Indiyawan Amurka da ke zaune a tsibirin, an zana su da gwarancin magana da ihu da fuka-fukai a ka, yadda Turawan wancan zamani ke ganin duk wanda ba su ba. Wani ya kawo shawarar a mai da su mutanen daji masu ɗaura ganye, suna Hausa a karye don yara su yi dariya. Da yawa daga baƙin ɗalibai ba su ga aibu ba. Wani saurayi ɗan Kasala, wanda bai cika magana ba, ya ce shi tun yana yaro yake jin ana kwaikwayon Larabcin kakarsa a mota da kasuwa, ana kiran su Fallata, sunan da ake yi wa masu tushe a Afirka ta Yamma, ana dariya, kuma yaran da za a yi wa wasan gobe za su shiga mota ɗaya da masu wannan dariyar. Ya ce ba zai tsaya a gabansu ya koya musu cewa akwai wasu mutanen da su kuma ya halatta a yi wa haka ba. Wurin ya yi tsit. Aka mai da ƙabilar masunta, masu taru da kwale-kwale, sana'ar da aka san Hausawan Sudan da ita daga Rusairis har Jabal Auliya. Su ne suka san inda kada ke kwana, su ne suka ceci yara a ruwa, kuma maganarsu ta fi ta kowa tsari a wasan. A ganina wannan gyara ya ƙara wa labarin ƙarfi, domin 'yan fashi sun samu abokan karo masu hankali.

Malamin halwa dattijo ne mai haƙuri. Ya saurari labarin daga farko har ƙarshe, bai tanka ba sai da aka zo kan 'yar aljanar nan abokiyar Peter, wadda tun a Landan ba mutum ke fitowa a madadinta ba, ɗigon haske ne da ƙarar ƙararrawa. Akwai inda take shan guba don ta ceci yaron, haskenta ya fara disashewa, sai ya juyo ga masu kallo ya ce duk wanda ya yi imani da irinta ya tafa, tafin ne zai raya ta. Wannan shi ne wurin da ya fi shahara a wasan duka. Malam ya ce aljanu gaskiya ne, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu, ba abin da za a tambayi yaro ya tafa a kai ba ne. Kuma a ƙasar da ake zar, wanda wasu ma ke kira zar-bori, tara mata da yara da dare ana tafi don aljana ta tashi ba ya buƙatar fassara. Raya matacce kuwa na Allah ne.

Mai umarni ya ce, "Allah gafarta Malam, ai tatsuniya ce." Malam ya ce to a yi ta a matsayin tatsuniya, yara su san da ƙarya suke wasa. Daga wannan zance aka ƙirƙiro wata tsohuwa mai ba da labari, ta buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", har da faɗin cewa da ma ƙarya ce ta shara musu. 'Yar hasken aka sa mata suna Ƙyalli, ba a kira ta aljana ko sau ɗaya ba. Ba ta mutu ba, suma ta yi. Auta bai tambayi imanin kowa ba, cewa ya yi a taya shi kiran sunanta ko za ta ji ta farfaɗo. Wani abu ya ragu, ban musa ba: Barrie ya so yaro ya ji cewa yardarsa kaɗai na iya riƙe rai. Amma abin da aka samu a madadinsa yaran sun san shi, sun ga yadda ake kiran sunan wanda ya suma ana yayyafa masa ruwa. Tsohuwar ta kuma ɗauke wani nauyin. Barrie da kansa ya ce ya ƙara sharaɗin ƙurar sihiri kafin tashi ne saboda yara sun riƙa gwadawa daga kan gadajensu suna jin rauni. A nan katanga ce abin tsoro, don haka tsohuwar ta faɗa ƙarara cewa a cikin tatsuniya kaɗai ake tashi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta kusa wargaza aikin. A watan Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Oktoba. An rasa rayuka masu yawa, dubbai suka bar gidajensu. Wasu iyalai daga wajen Damazin da Rusairis sun sauka wurin dangi a wannan unguwar, kuma 'ya'yansu na cikin waɗanda za su zo kallo. A tsakiyar wasan akwai inda Hanne ke gaya wa ɓatattun yara cewa uwa ba ta rufe ƙofa, komai daɗewar ɗanta za ta bar masa a buɗe. Sai Auta ya ƙaryata ta. Ya ce shi ma haka ya zata, ya daɗe a waje, ran da ya koma ya tarar an sa sakata, uwarsa ta manta da shi, wani yaron na kwance a gadonsa.

Wata ɗalibar likitanci da ta yi aiki a sashen yara ta ce a cire wannan. Ta ce yaron da aka fito da shi cikin dare, bai san halin gidansu ba, wataƙila ma bai san inda wani nasa yake ba, ba a zaunar da shi a gaya masa an manta da shi. Hujjarta mai nauyi ce, kuma tausayi ne ya sa ta faɗa. Mai fitowa a Auta ta ce idan an cire, ba a bar mata komai ba: wannan rauni ne ya sa yaron ya ƙi girma, ya ƙi yarda da manya, in babu shi, ɗan rainin wayo ne kawai mai sace 'ya'yan mutane. Mai umarni ya kawo nasa sulhun, a bar maganar amma a ƙarshe Auta ya gane kuskurensa ya koma gida. Nan ma aka ƙi. Aka yi kwanaki ana gwaji ana tsallake wurin.

Ɗan Kasalan nan ne ya ce duk muhawarar a kan 'ya'yan wasu ake yi, kuma iyayensu na nan da rai. 'Yan matan ƙungiyar suka shiga gidajen da baƙin suka sauka, suka zauna da matan, suka ba su labarin ba tare da ɓoye komai ba. Ba duka suka yarda ba. Wata ta ce ita ba za ta kawo nata ba, kuma ba ta kawo su ba. Amma wata dattijuwa daga Rusairis ta ce musu, "'Ya'yana, wannan tambayar ai kullum da dare sai sun yi mana ita, ko wani ya shiga ɗakinmu, ko an ɗauki akuyarmu. Mu ne ba mu da amsa. Ku bar shi ya faɗa. Amma kada ku bar uwar a bayan labule."

Da wannan aka yi aiki, kuma ba a taɓa ko kalma ɗaya a maganar Auta ba. A rubutun asali, da zarar yara sun tashi, uwa ta ɓace daga dandali sai ƙarshe. A nan aka ajiye ta a gefen dama, kan tabarma, kusa da ƙyauren da ba a sa wa sakata ba, da fitilar ƙwai a gabanta, tun daga tashin yara har dawowarsu. Ana faɗa da 'yan fashi tana nan. Kada na wucewa tana nan. Wani lokaci ta tashi ta leƙa waje ta dawo. Mai kallo na jin abin da Auta ke faɗa, idonsa kuma na ganin wani abu dabam, shi zai auna. Ƙarshen ma aka bar shi yadda Barrie ya yi: uwar ta karɓi ɓatattun yaran duka ta haɗa da nata, ta yi wa Auta tayi, ya ƙi, ya tafi. Ina cikin waɗanda suka goyi bayan a bar ƙin nasa. Yaran nan sun riga sun san akwai wanda ke tafiya bai dawo ba, kuma wasan da ya ce musu kowa na dawowa zai zubar da amincin da ya tara a wurinsu.

Daren wasa filin ya cika tun kafin a idar da Isha'i. Wani mai agashe, wato mai tsire, ya ba da aron bencina, matan unguwa suka kawo tabarmi. Da tsohuwar ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara da yawa ba su san amsa ba. Daga ɓangaren mata tsofaffi suka amsa "ta zo mu ji ta", ta maimaita, sai yaran suka ɗauka. Inuwar tashi ta yi aiki fiye da zato, har wasu suka zagaya bayan zane don su ga yadda ake yi, sai da aka sa mai tsaro. Kiran sunan Ƙyalli ya kai har titi. Da Auta ya zo kan maganar sakata, wani yaro daga gaba ya miƙe tsaye yana nuna gefen dama, yana ce masa ga ta can, ba ta rufe ba. 'Yar wasan ta dube shi, ta girgiza kai, ta ce wannan uwar Hanne ce, ba tata ba ce, ta ci gaba. Babu wannan a takardar da ke hannuna. Ɗalibar likitancin tana zaune cikin matan da suka zo daga Shuɗin Nilu, kamar yadda aka tsara, don ta fita da duk yaron da abin ya yi wa yawa. Yarinya ɗaya ta fita da ita, kuma kadan ne ya tsorata ta.

Akwai abubuwan da ba su yi daidai ba. Wasan ya yi tsawo, ƙanana sun yi barci kafin faɗan ƙarshe. Muryar 'yan mata ba ta kai bayan fili ba, lasifika ɗaya ce. Wasu magidanta sun hana 'ya'yansu mata zuwa da suka ji mace ce ta fito a yaro, kuma sarkin unguwa ya faɗa wa ƙungiyar haka washegari ba tare da kwana-kwana ba. Malamin halwa ya zauna har aka ce ƙurunƙus, ya yi addu'a, ya ce a rage ihun 'yan fashi idan za a sake.

An shirya sakewar. Dangin wani ɗan ƙungiya a Mai Wurno sun nemi a kai musu bayan ƙaramar Salla, aka zauna aka yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na wasan, aka ƙara wa masunta magana, aka fara tara kuɗin mota da na lasifika ta biyu. Ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF. Ɗaliban Nijeriya aka kwashe su a motoci, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Port Sudan. Haifaffun ƙasar suka nufi wurin dangi a Sinnar da Gadarif da Kasala. Gajeren wasan da aka tsara don Mai Wurno ba a kai ga gwada shi a gaban yara ba.